Shekarar da Tasalla Ta Yi Jiri

Tun farkon makon nan ake ruwa a Birnin Kebbi, irin ruwan ƙarshen damina da ba ya tsawa ba ya iska, sai dai ya yi ta zuba. An ce gulbi ya fara hawa gonakin Zauro. Ban je na gani ba, don haka ba zan ce ga inda ya kai ba. Abin da na gani da idona shi ne wani manomi daga Zauro da ya tsaya ƙofar gidana a Gesse jiya da hantsi, ya jiƙe sharkaf, da akuya ɗaure a bayan babur. An gaya masa akwai likitan dabbobi a layin. Da ya kwance ta ya ajiye, sai ta karkata kai hagu ta fara zagaye, kamar an kafa mata turke wanda mu ba ma gani.

Warin jiƙaƙƙen gashinta ne ya mayar da ni baya shekara ashirin da wani abu, zuwa wani tudu a ƙauyenmu na gefen Gulma.

A shekarar na gama karatun likitan dabbobi, ina jiran a kira mu bautar ƙasa. Na koma wajen Gwaggo Ige, yayar mahaifina, wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Duk abin da ta mallaka 'yar gonar shinkafa ce a fadama da tumaki uku. Kafin in iso an yanka biyu, aka ce jiri ne ya kama su. Saura ɗaya, 'yar uda mai baƙin gaba da farin baya, wadda aka haifa ranar babbar salla, shi ya sa Gwaggo ke kiranta Tasalla. Tana ɗauke da cikin fari.

Ruwan gulbi ya zo shinkafa na da ciki. Bai zo da fushi ba. Da safe sai a kafa kara a bakinsa, da la'asar a nemi karan a rasa. In ban manta ba, kwana huɗu aka yi ana haka, rana ta biyar muka tashi babu fadama. Daga bayan gari har inda ido ya gaji, ruwa ne ɗaya shimfiɗe, da wata sama kwance a cikinsa. Kawunan giyayya kawai ke leƙe, tururuwa sun dunƙule a rassan kamar an rataya tulu. Masunta kan bi ta kan gonaki da kwale-kwale, wani ya caka gora ƙasa ya ce, "Nan gonar Ige ta." Na tsaya ina kallon wurin. Ba komai sai ruwa da inuwar gajimare. Har yau ban ga abin da ya kai wannan girma ba, kuma ban ga abin da ya kai shi shiru ba.

Gidajen gangare suka fara narkewa, muka kwashe zuwa tudun idi. Mutane, tumaki, awaki, jakuna, kaji, karnuka, duk a fili ɗaya da bai fi kasuwar ƙauye ba.

Kwanakin duk iri ɗaya ne. Da asuba a yi alwala da ruwa mai launin kunu. Mata su durƙusa suna hura jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya kwanta a kan tudun ya ƙi tashi. Gari na wayewa maza su shiga kwale-kwale, wasu su duba komar kamun kifi, wasu su yanko burgu, ciyawar nan ta ruwa, a jibge ta gindin kuka don dabbobi. Da hantsi mata su shiga ruwa har ƙugu suna tsinko bado, a shanya shi a kan tabarma in rana ta leƙo, a daka. Da azahar ƙasa ta yi ta turiri, zanen da ke jikinka bai bushe ba bai jiƙe ba. Tsakanin yatsun ƙafarmu ya yi fari ya tsattsage. Kifi kuwa kamar a ba ka kyauta, tarwaɗa da safe, tarwaɗa da yamma. Sai a lokacin na san mutum na iya cika ciki da kifi ya kuma tashi da yunwa, don babu tuwo a ƙarƙashinsa.

Gwaggo ba ta taɓa zancen shinkafarta ba. Abin da takan ce, in tana sosa wa Tasalla wuya, shi ne, "In wagga ta haihu lahiya, mun tashi."

Mun yi kamar mako a tudun sai ta kira ni da safe.

"Nasiru, zo ka gani. Ita ma ta hwara."

Tasalla ta karkata kai hagu. Ta nufi burgu, sai ta kauce, ta zagayo inda ta fito, ta sake. Ta yi karo da turmi ta gefen dama kamar ba ta san yana nan ba. Na kaɗa hannu gaban idonta na dama, bai ƙifta ba. Na san abin, ko in ce na san hotonsa a littafi. Ɗan tsila ne, farar tsutsar nan mai faɗi ta ciki, yakan je ya zauna a ƙwaƙwalwar tunkiya cikin wata jakar ruwa, jakar ta yi ta girma tana danne abin da ta samu.

"Mi kag gani?" in ji Gwaggo.

"Ina jin akwai abu a kanta. Wataƙila. Ba zan iya tabbatarwa ba sai da na'ura."

"Kai dai kullum wataƙila."

Muna cikin haka Baba Arzika ya iso. Shi ne mahaucin garin, taubashin Gwaggo, dattijo mai faɗin hannu wanda ba a ganinsa sai da jan karensa Barsu a baya.

"Ige, kawo ta in yanka tun da sauran nama jikinta."

"Wuƙarka ta ci biyu, Arzika. Ba ta cin ta ukku, ko kai za a yanka madadinta."

"Ni wa ka cin namana? Na tsuhwa." Ya tsuguna ya kama kan Tasalla, ya dinga bin ƙoƙon da babban yatsa. "Waɗancan biyun ƙashinsu ya yi tauri, ba dama. Wagga yarinya ta. In ƙashin ya yi taushi, ina iya buɗewa in ɗebe ƙwan ruwan. Wasu na tashi, wasu ba su tashi."

Buɗe kai, a tudun da ƙuda ya fi mutane yawa, da askar da ake fiɗar akuya.

"Baba, don Allah a bari in gwada magani tukuna."

"To, likitan takarda ya yi magana," ya ce, yana dariya. "Gwada, ɗana. Askata ba ta gudu."

Washegari na bi wani masunci zuwa bakin titi, tafiyar da ƙafa kan yi cikin ɗan lokaci ta cinye mana rabin yini, daga nan na hau mota zuwa Argungu. Masu sayar da maganin dabbobi duk farin maganin tsutsa gare su, albendazol. Na juya kwalbar na ajiye, don an koya mana yana iya taɓa ɗan da ke ciki in cikin sabo ne, ni kuma ban san watannin cikin Tasalla ba. Wanda nake nema, firazikwantel, sai a kemis na same shi, a matsayin maganin tsargiya, wanda duk ɗan bakin gulbi da ya taɓa fitsarin jini ya san ɗacinsa. Ƙwaya goma sha huɗu suka rage a shagon, na kwashe.

Abin da na sani game da shi bai da yawa, kuma bai kwantar mini da hankali ba. Kafin ya isa ga jakar da ke cikin ƙwaƙwalwa sai an ba da mai yawa ƙwarai, kuma ko an bayar ba tabbas. Ko ya kashe ta ma, wurin na iya kumbura, dabbar ta ƙara shiga wahala. Ga shi ana auna shi ne da nauyin jiki, tudun kuma ba sikeli.

Baba Arzika ya rungumi Tasalla ya ɗaga, ya lumshe ido. "Rabin buhun shinkafa shanshera, da ɗan ɗori."

Da wannan na yi lissafi a bayan kwali, sau uku, ya ba ni ƙwaya huɗu a yini. Nakan daka su a ɗan turmin yaji, in dama da ruwa a kwalbar lemo, Gwaggo ta riƙe muƙamuƙin, in ɗura ta gefen baki a hankali don kada ta shaƙe. Ranar farko ba canji. Rana ta biyu ta ci burgu, na ji kamar in yi guɗa, amma na hana kaina. Rana ta uku ta koma zagaye, har ta fi da.

Da safiyar rana ta huɗu igiyarta ta kwance. Zagayen ya dinga gangarawa da ita kaɗan kaɗan har bakin ruwa, ta shiga, ba ta ma san ta shiga ba. Gwaggo ce ta fara gani. Matar da ta haura sittin ta faɗa ruwa har ƙirji, ta kamo kunnen tunkiyar ta jawo ta. Na same su zaune a laka, kan Tasalla a cinyarta, su biyun suna rawar sanyi.

"Nasiru, ka yi naka, Allah shi yi ma albarka. Kira man Arzika."

"Gwaggo, tana iya mutuwa a hannunsa."

"Tana iya mutuwa ga ruwa."

Ƙwaya biyu suka rage a aljihuna. Na je na kira shi.

Abin da na iya roƙa shi ne a tafasa askar da zaren, ya wanke hannu da sabulu, a kuma bar ni in shafe wurin da aidin, maganin wanke rauni. Ya yarda, yana cewa yau askarsa ta samu wanka irin na amarya. Aka jira hantsi ya ɗaga, rana ta fito. Maza biyu suka danne Tasalla a kan sabuwar tabarma, mata suna kore ƙuda da mafici. Baba ya aske gashin, ya kama yatsana ya ɗora a gefen hagu na ƙoƙon.

"Danna. A hankali."

Na danna. Ƙashin ya lotsa ya dawo, kamar maɗigar jariri. Shekara shida ina karatu, ban taɓa jin wannan a ƙarƙashin yatsana ba.

Ya yi bisimilla. Ya tsaga fata kamar jinjirin wata, ya naɗe ta baya. Ƙashin wurin ya zama siriri kamar ɓawon ƙwai, ya zagaye shi da bakin aska ya ɗage. Sai ya ce a birkice ta, kanta ya kalli ƙasa, ya sa tafin hannu ya toshe mata hanci na ɗan lokaci. Tasalla ta yunƙura tana neman numfashi. Sai ga abu ya leƙo ta ramin, yana sheƙi.

Baba bai ja ba. Ya tara hannu kawai yana saki yana toshewa, abin na saukowa da kansa, yana miƙewa yana tattaruwa, har ya faɗo tafinsa gaba ɗaya bai fashe ba.

Ya kai ƙwan zabuwa. Ruwan da ke ciki ya fi duk ruwan da muka sha a watan haske, rana na ratsa shi tana sauka a layukan tafin Baba. A jikin tantanin daga ciki, fararen ɗigo ne gungu gungu kamar an watsa gero, kowane ɗigo kan tsutsa ne, yana jira. Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi." Na rasa abin da ya fi ba ni mamaki, ko kyan abin, ko cewa ya zauna a kan dabba mai rai tana ci tana sha, ko hannun da ya fito da shi.

"Ka gani, likita?" in ji Baba. Ya juya ya yi fito. "Barsu! Zo ka amshi rabonka."

Ya wurga.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Ni da ban taɓa ɗaga murya gaban babba ba, na ce, "A'a! Kada ya ci!" Ƙwan ya faɗi a laka, Barsu ya zaburo. Gwaggo ce ta fi kusa. Ta fizgi kwanon da aka tafasa aska ta kifa a kai, ta taka da ƙafa, ta kai wa karen mari da ɗankwali. Ba ta san dalili ba. Ta dai ji na yi ihu.

"Lahiya, Nasiru? Mi ya hwaru?" in ji ta.

Sai da muka rufe kan Tasalla, Baba ya ɗinke, na yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, sannan na samu bakin tambaya.

"Baba, kullum kare kake ba?"

"To wa za ni ba? Kai?"

"Kawunan tumakin Gwaggo biyun nan fa?"

Gwaggo ce ta amsa. "Kan mai jiri ba a ci, tun kakanni. Mutum na iya ɗaukar jirin. Sai a ba karnuka, kada a yi ɓarna."

Na zauna a ƙasa. Wannan zane na yi shi a jarrabawa, da kibiyoyi, na kuma ci maki. Kare ya ci ƙwan ruwa, ɗigon nan su zama tsila a hanjinsa, ya yi kashi a ciyawa, tunkiya ta ci ciyawar. Amma karen cikin zanena ba shi da suna. Kwana uku ina ɗura wa tunkiya magani, Barsu na kwance kusa da ƙafata, ko sau ɗaya ban dube shi ba.

Na ɗauki tsinke na zana musu a laka. Baba ya kalla ya girgiza kai.

"Barsu ya yi shekara bakwai shina ci, bai taɓa jiri ba."

"Ba jiri yake masa ba, Baba. Shi ajiya kawai yake yi. Ina jin in muka duba inda suke kwana za mu gani. Ba zan rantse ba, amma mu duba."

Karnukan tudun duk a kan tarin burgu suke kwana, don nan ne kaɗai wuri mai laushi da ba laka. Muka je gindin kuka, mutane na biye da mu. Baba ya sa sanda ya ɗaga ciyawar. Ga kashin kare sabo, a kansa wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, shinkafar da ba mu gani ba a shekarar. Muna kallo ɗaya ta miƙe, ta tattaru, ta rarrafa ta hau ganyen burgu.

Baba ya daɗe a tsugune.

"Shekara arba'in," ya ce a hankali. "Ashe ni ka shuka shi, ni ka girbe shi."

Da kansa ya je ya ɗaga kwanon, ya kwashi ƙwan da lakar da ke ƙarƙashinsa, ya zuba a murhun Gwaggo. Ya yi ƙara ɗaya, cuu, ya ƙare.

Ƙwaya biyun da suka rage na fasa kowace gida huɗu. Karnuka bakwai ne a tudun. Ga tsilar da ke hanjin kare, ɗan wannan gutsuren ya isa, kuma nan kam littafi bai ce wataƙila ba. Muka cusa a cikin bandar tarwaɗa, suka haɗiye suna kaɗa wutsiya. Aka ɗaure su kwana uku can ƙarshen tudun, ana binne kashinsu. Tarin burgun aka ƙone shi, maza suka koma ruwa yanko sabo suna gunaguni, aka yi masa rumfa sama da ƙasa. Abin da ƙwaya goma sha biyu suka kasa yi wa tunkiya ɗaya a gabana, biyu sun yi wa garin. Ciwon Tasalla ta ɗauko shi ne tun rani, a karan shinkafa inda karnuka ke yawo. Wanda muka ƙone a gindin kuka jirin baɗi ne.

Tasalla ta yi kwana biyu a kwance, Gwaggo na ɗiga mata ruwan kanwa da dusar bado. Na dinga taɓa kunnenta ina jin zazzaɓi, har Gwaggo ta ce in na ƙara za ta ɗaure ni da karnuka. Rana ta uku da sassafe ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta yi tangaɗi. Sannan ta ɗaga ƙafa ta nufi rumfar burgu, taku ɗaya, biyu, goma, a miƙe kamar an ja mata zare. Mata suka bar hura wuta suna kallo. Gwaggo ta rufe fuska da gefen zane.

Ta haihu bayan ruwa ya janye, lokacin da ake dashen albasa a lakar da ya bari. Mace ta haifa. Kanta bai daina ɗan karkata hagu ba har ta tsufa, kamar mai sauraron magana. Baba Arzika ya haƙa rami bayan mayankarsa, ya ɗora masa murfin tukunya, duk kan mai jiri da duk ƙwan ruwan da ya samu a kayan ciki nan yake jefawa ya bi da toka. Barsu ya yi fushi da shi har wata guda. Ba zan ce jiri ya ƙare a garin ba. Ya dai yi sauƙi, iya abin da na gani.

Har yau ban san ko maganina ya taimaki Tasalla ba. Baba ya ce ƙwan ya fito da sauƙi fiye da yadda ya saba, wataƙila maganin ya sassauta shi. Mai yiwuwa gaskiya ne. Mai yiwuwa kuma ya ga fuskata ne ya tausaya. Su biyun, shi da Gwaggo, sun riga mu gidan gaskiya, ba wanda zan sake tambaya.

Yanzu maganin na nan a shaguna, na dabbobi daban, ba sai an je kemis ba. Ina da sikeli, ina da safar hannu, labarin ruwa kuma kan iso ta waya kafin ruwan ya iso. Amma jiya da na tsuguna gaban akuyar mutumin Zauro, ruwa na zuba a ƙeyata, abin da na fara yi shi ne bin ƙoƙon kanta da babban yatsa. A gefen hagu ya lotsa ya dawo.

"Likita, za ta tashi?"

"Wataƙila," na ce. "Za mu gwada. Amma kafin nan, karnuka nawa gare ka?"

Ya yi dariya, ya share ruwa daga fuska. "Akuya na kawo, likita."

"Na sani. Shigo daga ciki, ka ba ni tsinken can in zana maka."